Matsi a wasan birij: idan hannun mai tsaro ya yi wa katunansa kaɗan

Akwai wani lokaci da yakan zo a ƙarshen rabo a wasan birij. Saura kati uku ko huɗu a hannun kowa, mai kwantiragi, wato wanda ya yi alkawarin yawan zagayen da ɓangarensa zai ci, ya ajiye wani kati a tebur wanda ba mai irin danginsa, sai ka ga ɗaya daga cikin masu tsaro, wato abokan hamayyarsa biyu, ya tsaya cak. Ya zaro wannan ya mayar, ya taɓa wancan ya fasa. Ba rashin iya wasa ke damunsa ba. Duk katin da ya yar, ya ba da zagaye guda da hannunsa. Wannan shi ake kira matsi. Sidney Lenz, shahararren ɗan wasan Amurka, shi ya raɗa masa sunan a shekarun 1920, ya aro shi daga wasan besbol. Amma dabarar ta girmi sunan, don 'yan wasan wist, wanda shi ne kakan birij, sun san ta tun ƙarni na 19.

Mutane da yawa sukan shekara goma suna buga birij ba su taɓa shirya matsi da gangan ba, saboda an tsoratar da su cewa wannan fagen gwanaye ne. Ni ban yarda da haka ba. Matsi mai sauƙi ya fi abubuwa da dama da ake koya wa sabon shiga sauƙin fahimta. Wahalarsa guda ce: ana ganin amfaninsa a zagaye na goma ko na goma sha ɗaya, amma ana shuka shi tun zagayen farko, sau da yawa ta hanyar sakin abin da kake da ikon ci.

Bari mu daidaita kalmomi kafin mu shiga. Kati 52 ne, mutum huɗu, kowa 13, don haka zagaye 13 ake yi. Ana kiran kujerun Arewa, Kudu, Gabas da Yamma, kuma wasa na bin juyin agogo: in Kudu ya fita, Yamma ke bi, sai Arewa, sai Gabas. A misalan nan duka Kudu ne mai kwantiragi, Arewa kuma abokinsa ne da ya shimfiɗa katunansa a fili, wato hannun tebur. Dangi huɗu ne: sifed ♠, zuciya ♥, daimon ♦ da kulob ♣. A shi ne as, K sarki, Q sarauniya, J jak.

Ga mafi ƙanƙantar matsi, saura kati uku:

Arewa: ♠ A J, ♥ K
Yamma: ♠ K Q, ♥ A
Kudu: ♠ 3 2, ♣ A

Kudu na da zagaye biyu tabbatattu, ♣A da ♠A, yana neman na uku. Ya fita da ♣A. Yamma ba shi da kulob, dole ya yar da wani abu. In ya yar da ♥A, sarkin zuciyar da ke tebur ya zama gagarabadau, sai Kudu ya zubar da ♠J daga tebur, ya shiga ta ♠A ya ci ♥K. In kuwa ya yar da ♠Q, sai a zubar da ♥K, as ɗin sifed ya kayar da sarkin da ya rage shi kaɗai, jak ya ci na ƙarshe. Gaba kura, baya siyaki. Yamma na da aiki biyu da ke buƙatar kati uku, an bar masa gurbin kati biyu. Taura biyu ba ta taunuwa.

♠J da ♥K su ne katunan barazana: ba sa ci yanzu, amma za su ci da zarar mai gadinsu ya saki. ♣A shi ne katin matsi, kuma lura, ba ya cikin dangogin da ake rigima a kansu. ♠A ita ce ƙofa. In babu ita, ko Yamma ya zubar da komai, Kudu ba shi da hanyar isa tebur ya kwashi ganimar.

Yanzu ɗauki katunan Yamma ka ba Gabas. Komai ya rushe. Kudu ya fita da ♣A, tebur ne zai fara zubarwa kafin Gabas, shi kuwa Gabas sai ya zuba ido kawai: aka yar da ♥K ya yar da ♥A, aka yar da ♠J ya yar da ♠Q. Tebur ne ya shiga matsin, ba shi ba. Maganin wannan shi ne a raba barazanar gida biyu. A ce sarkin zuciya yana hannun Kudu, tebur kuma na da ♠A J da wani ƙaramin daimon marar amfani. Kudu ya ci ♣A, tebur ya yar da daimon ɗin nan ba tare da jin zafi ba, kuma duk wanda ke riƙe da ♠K Q da ♥A, Gabas ne ko Yamma, ya kamu. Na farkon matsi ne mai dogaro da wurin zama, na biyun kuwa ba ruwansa da inda mutum ya zauna.

Clyde Love, malamin lissafi a Jami'ar Mishigan, shi ya tattara sharuɗɗan nan cikin tsari a littafinsa na 1959, ya mayar da su huɗu. Mutum ɗaya ne ke gadin dangogin biyu, ba shi da wani katin banza da zai yar. Zagaye ɗaya tak ya rage wa mai kwantiragi ya cinye duk sauran. Aƙalla barazana ɗaya tana hannun da ke wasa bayan wanda ake matsawa. Sannan akwai ƙofar isa ga barazanar da ta nuna. Uku daga ciki mun riga mun gan su a misalin sama. Na biyun ne ke kayar da mutane, kuma a kansa nake so in daɗe.

Ga cikakken rabo. A cinikin kwantiragi Kudu ya buɗe da biyu ba yanka (ba yanka na nufin babu dangin da aka zaɓa ya riƙa yanke sauran), Arewa ya ɗan yi ƙarfin hali ya kai su shida ba yanka, wato alkawarin cin zagaye 12 cikin 13.

Arewa: ♠ K 7 3, ♥ A Q 6 4, ♦ 8 5 2, ♣ K 8 5
Kudu: ♠ A Q 6 4, ♥ K 5 2, ♦ A 7, ♣ A Q J 3

Yamma ya fita da ♦K. Ƙirga abin da ke hannu: sifed uku, zuciya uku, daimon ɗaya, kulob huɗu. Goma sha ɗaya. Na goma sha biyun zai zo in sifed shidan da ke waje sun rabu uku da uku, ko zuciya ta rabu haka. Kati shida sukan rabu uku da uku kusan sau 36 cikin 100, huɗu da biyu kuwa kusan sau 48. Da yake dangi biyu ne, damar ɗaya ya faɗo daidai ta kusa kashi 58 cikin 100. Ba laifi. Yawancin masu wasa nan suke tsayawa: su ɗora as a kan sarki, su gwada sifed, su gwada zuciya, in duka sun ƙi su ce rabo ne bai yi ba.

To ga yadda katunan suke a ɓoye:

Yamma: ♠ 10 5, ♥ 9 7, ♦ K Q J 9 4, ♣ 10 9 6 2
Gabas: ♠ J 9 8 2, ♥ J 10 8 3, ♦ 10 6 3, ♣ 7 4

Duka biyun sun ƙi. Amma mutum ɗaya ne ke riƙe da huɗu a nan, huɗu a can. Gabas na buƙatar kati takwas don ya tsare dangogin nan biyu. Tambayar ita ce, za a iya rage masa hannu ya koma ƙasa da takwas kafin a taɓa waɗannan dangogin?

A ce Kudu ya ci zagayen farko da ♦A. Saura kati 12 a hannun kowa. Ya kwashe kulob huɗu. Gabas ya bi biyu, a na uku ya yar da ♦6, a na huɗu ya yar da ♦10. Saura takwas, kuma takwas ɗin nan su ne daidai waɗanda yake so. Ko gezau bai yi ba. Kudu zai ci goma sha ɗayansa ya faɗi da ɗaya. Ba kuma zai iya gyara kuskuren daga baya ba, don in ya ba da daimon bayan as ta fita, Yamma ba zai tsaya a guda ba, zai ci gaba da kwasa.

Yanzu a ce Kudu ya bar wa Yamma sarkinsa, ya sa ♦7 a ƙarƙashi. Ba abin da ya yi hasara, tun da dama kwantiragin ya ba shi izinin rasa zagaye ɗaya, kuma ko ba daɗe ko ba jima sai ya rasa shi. Yamma ya ci gaba da ♦Q, Kudu ya ci da as. Saura kati 11. Gabas ya riga ya bi daimon sau biyu, ♦10 kaɗai ya rage masa na banza. Kulob na uku ya cinye shi. A kulob na huɗu, hannunsa zai koma bakwai, alhali takwas yake buƙata. In ya saki sifed, na huɗun Kudu ya ci. In ya saki zuciya, ta huɗun tebur ta ci. Zagayen da aka bayar da gangan shi ya zare wa Gabas katin da zai fake da shi.

Wannan shi ake kira gyara lissafi. Ka ƙirga zagayen da suka rage, ka ƙirga waɗanda kake da tabbacin ci, ka tabbata bambancin ɗaya ne. In biyu ne, mai tsaro na da kati guda na hutawa, kuma wannan gudan ya ishe shi. A shida ba yanka, ma'anarsa ka ba da zagaye ɗaya da wuri. A uku ba yanka da kake da takwas a hannu kana neman na tara, ma'anarsa a ci maka huɗu kafin matsin ya kama. Shi ya sa wani lokaci za ka ga gwani ya miƙa wa mai tsaro wasa ya bar shi ya kwashe dogon danginsa, shi kuma mai tsaron na murna, bai san abokinsa yake shaƙewa ba. A bakwai kuwa, inda ba a yarda ka rasa ko ɗaya ba, in kana da 12 lissafin ya gyaru da kansa.

Abin da ya sa wannan ke wa mutane wuya ba ƙwaƙwalwa ba ce, zuciya ce. Ganin sarki a tebur kana riƙe da as, hannu da kansa yake miƙewa. Balle a silam, wato kwantiragin shida irin wannan, inda sakin zagayen farko ke nufin daga nan ba ka da sauran kuskure. Amma duba da kyau: sakin bai rage maka ko ɗaya daga damammakinka na farko ba. In sifed ta rabu uku da uku, har yanzu za ka ci. In zuciya ce, haka. Ƙari kawai ka samu. Wanda ya saba tambayar kansa tun kafin ya taɓa katin farko na tebur, "wane zagaye ne dole in rasa, kuma yaushe ya fi arha in rasa shi?", ya yi rabin aikin matsi ko bai san sunansa ba.

Sai batun ƙirga, wanda shi ne ɗaya abin tsoron. Mutane na zaton sai ka haddace duk katin da ya faɗi. A'a. Shirya wasan yadda kati ɗaya kawai za ka sa wa ido. A rabon nan, bayan ka ci ♦A, fara da sifed: sarki, as, sarauniya. A na uku Yamma ya kasa bi, ka san Gabas na da jak, kuma ♠6 ɗinka ta zama barazana a kansa. Sai ka kwashe kulob, ka fara da sarkin tebur don ka ƙare a hannunka. Kafin na ƙarshe ga yadda ake:

Arewa: ♥ A Q 6 4, ♦ 8
Gabas: ♠ J, ♥ J 10 8 3
Kudu: ♠ 6, ♥ K 5 2, ♣ J

Ka ajiye ♣J, tebur ya yar da ♦8. Abu ɗaya kake jira, jak ɗin sifed. In ya fito, shidanka ta ci. In bai fito ba, kada ka tsaya lissafin zuciya nawa aka zubar, buga su kawai daga sama: sarki, as, sarauniya, ka ga ko ♥6 za ta tsaya. Barazanar da take ita kaɗai ita ake sa wa ido, doguwar kuwa gwada ta ake yi a ƙarshe. Ka kuma kula da zuciya, kada ka taɓa ta da wuri har ka cinye ƙofarka. Da ka kwashe as da sarauniya da sarki tun farko, ♥6 za ta zauna a tebur ba mai kai ka wurinta.

Wani kuskuren da nake yawan gani shi ne riƙe katin ƙarshe na dogon dangi, musamman in dangin yanka ne. Mutum na jin cewa muddin yana da ɗan yanka guda a hannu, yana da tsaro. Amma matsi ba ya kamawa sai an ajiye na ƙarshen. Wanda ke gabansa mai tsaro na da abin yarwa. In ka riga ka gyara lissafi, babu abin da wannan yankan zai tsare maka, aikinsa kawai ya tilasta wa wani zubarwa.

Akwai kuma yanayin da babban katinka ke tare wa barazanarka hanya. Saura huɗu, wasa na tebur:

Arewa: ♠ A J, ♥ A, ♣ 2
Gabas: ♠ K Q, ♥ K 4
Kudu: ♠ 2, ♥ Q 2, ♣ A

In ka tafi ♣A kai tsaye, Gabas zai yar da ♥4 hankali kwance. Sarkinsa zai faɗi a ƙarƙashin as, gaskiya ne, amma kana tebur, ba hanyar komawa ga sarauniya. Gyaran shi ne ka fara cin ♥A. A ido kamar wauta ce, don ka mayar da sarkin Gabas mafi girma a dangin da hannunka. Sai dai yanzu in ka zo ♣A, Gabas na riƙe da ♠K Q da ♥K, dole ya saki ɗaya, kai kuma kana hannun da sarauniya take, ga ♠2 ta kai ka tebur. Ana kiran wannan bugun Viyana. James Clay, masanin wist na Ingila a ƙarni na 19, shi ya bayyana shi, ya jingina shi ga wani gwanin ɗan wasa na birnin Viyana.

Wani amfanin matsi da ba a cika faɗa ba shi ne yana raba ka da caca. A ce tebur na da ♠A Q da ♥J, ka kuma san tabbas ♥Q na wurin Yamma. Ka ci katinka na ƙarshe, Yamma bai saki sarauniyar zuciya ba, sai ka yar da jak ɗin. Saura kati biyu. Ka fita da ƙaramin sifed, Yamma ya bi da ƙarami. To ɗayan katinsa ai ka san shi, ♥Q ce. Sarkin sifed ba ya wurinsa, sa ♠Q ba zai taɓa ci ba. Ɗora as. In sarkin Gabas ya rage shi kaɗai, ya faɗo.

Masu tsaro su ma ba a ɗaure suke ba, kuma sanin makamansu na ƙara wa mai kwantiragi hankali. Babban makaminsu shi ne su kai hari kan ƙofa tun da wuri, su fita da dangin da ke haɗa hannu da tebur har igiyar ta tsinke. Na biyu, su ƙi karɓar zagayen da ake miƙa musu, ko su ƙi kwashe na ƙarshen da suke da shi, don kada su gyara maka lissafi. Na uku, su raba aiki, kowa ya riƙe dangi ɗaya. Wannan na ukun shi ya sa a kwantiragin yanka ake yanka dangi sau ɗaya ko biyu da gangan, har ɗaya daga cikinsu ya ƙare, gadin ya koma wuyan mutum guda.

Amma ko sun raba aikin, wani lokaci ba su tsira ba. In kowannensu na gadin danginsa shi kaɗai, sannan su biyun suna tarayya a na uku, ana iya matsa su a jere a kan kati guda:

Arewa: ♠ A 2, ♥ Q
Yamma: ♠ Q 9, ♥ K
Gabas: ♠ K 8, ♦ K
Kudu: ♠ 3, ♦ Q, ♣ A

Kudu ya fita da ♣A. Yamma na kallon ♥Q a tebur, ba zai iya sakin sarkinsa ba, sai ya yar da ♠9, yana fatan abokinsa zai riƙe sifed. Sarauniyar zuciya ta gama aikinta, a zubar da ita. Wasa ya iso kan Gabas. In ya saki ♦K, sarauniyar daimon da ke hannun Kudu ta ci nan take. Dole ya yar da ♠8. Yanzu kowannensu sifed ɗaya ya rage masa. Kudu ya fita da ♠3, sarauniyar Yamma ta faɗo, as ta hau, sarkin Gabas ya bi ta ƙarƙashi, sannan ♠2 ta ci zagaye na goma sha uku.